Hamsin Cikin Sakan

Ƙarfe biyun dare a Santiyago,
ni da shayin da ya huce,
da allo mai faɗin bango
inda ƙasarmu ta miƙe, siririya kamar tsumagiya,
jijiyoyinta suna ƙyalli kore.

Aikina ba ya da wuyar faɗi:
abin da aka sha ya zo daidai da abin da aka ɗebo.
Ba rara, ba giɓi.
Sau hamsin wutar ke bugawa cikin sakan,
in ta gaza, ƙirjina ne ke cika ragowar.

Can arewa, a Tokopiya,
inda hamada ta gangaro bakin teku ta ƙi komawa,
mahaifina Eliodoro yana barci a zaune.
Shekara talatin da ɗaya yana ciyar da tanderu kwal,
tanderun ya biya shi da albashi,
da gida mai ɗaki biyu,
da tarin da ba ya jin magani.
Ina tuna Edelmira, uwata, tana kwashe shanya,
fararen riguna sun koma ruwan toka,
ta kaɗe su, ta yi tsaki, ta ninke.

Yanzu bututun ya yi shiru,
tsuntsayen teku sun mai da shi masauki.
Gefen kujerarsa akwai ɗan inji mai gurnanin kyanwa,
shi ke tace masa iskar shaƙa.
Igiyarsa na cikin bango,
bangon kuwa na cikin allona.

Biyu da minti sha bakwai,
iskar kudu ta ajiye kayanta ba sallama.
Fankoki ɗari suka yi sanyi,
wani layi ya tsinke a bayan tsauni,
kore ya koma ja.
Nibaldo ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

Kafin in dire kofi, an riga ni.
Batiran hamada, waɗanda suka sha rana da azahar har suka ƙoshi,
suka buɗe baki.
Motocin haya da ke caji a tasha suka ɗan janye hannu daga akushi.
Famfon mahaƙar tagulla ya ce zai jira.
Rumbun sanyi na masunta ya duba ƙanƙararsa,
ya ce minti biyar ba za ta ɓata kifi ba.
Mita ta raɗa wa mita,
gida ya ranta wa gida,
adashi ne na waɗanda ba su taɓa ganin juna ba,
kuma dukansu barci suke.

Madatsar ruwa ta zo daga baya,
a hankali, kamar dattijuwar da ta san ba za a fara ba ita.

Sakan arba'in.
Babu wanda ya kunna ashana ga kwal.
Babu ƙwan fitilar da ya ƙifta.
Nibaldo ya ɗaga kujerarsa, ya nemi biskit.

Da asuba na kira gida.
Ya daɗe kafin ya ɗauka, ina jin gurnanin injin a bayansa.
"Yasna, wutar nan taku ba ta da nauyi," in ji shi.
"Tamu sai da shebur, sai da gumi,
ka dawo gida ko karenka bai gane ka ba."
Ya yi tari, na ƙirga, sau huɗu. Jiya shida ne.

"Ka yi barci, Baba?"
"Kamar dutse. Wani abu ya faru ne a wajenku?"

Na dubi allo.
Rana ta fara lasar farantan hamada,
layi bayan layi, tana biyan bashin dare.
"Ba komai," na ce. "Sha maganinka."